Yadda ake buga wasan ces a buɗaɗɗiyar gasa, daga rajista har sa hannu a takarda

In a waya ka koyi ces, kana bugawa a Lichess ko Chess.com har ka fara jin kanka, to akwai hidimar da wayar nan take maka baka ma san tana yi ba. Ita ke danna maka agogo, ita ke rubuta wasan, ita ke hana ka yin takun da doka bata yarda da shi ba, ita ke cewa an yi canjaras in an maimaita zama ɗaya sau uku. Ranar da ka zauna gaban allo na gaske a gasa duk waɗannan sun dawo wuyanka, kuma gaskiya yawancin sabbin shiga ba ƙarfin wasa ne yake fara kada su ba, hannunsu ne da agogo da rashin sanin doka. Shi yasa zan bi wasa ɗaya tun daga rajista har a tashi.

Da farko ka san irin gasar da zaka shiga

Buɗaɗɗiyar gasa, wadda 'yan wasa suke ce ma ofun, ita ce wadda duk wanda ya biya kuɗin rajista zai zauna, ba sai an gayyace ka ba, yaro ɗan shekara 9 da dattijo da gwanin da ya ci lambobi duk a zaure ɗaya. Akwai manya irin ta Reykjavik a Aisilan da ta Dubai da Qatar Masters, akwai kuma ƙanana na ƙarshen mako irin waɗanda ake yi a Legas da Abuja. Kusan dukkansu da tsarin Suwis ake haɗa 'yan wasa, tsarin da aka fara amfani da shi a Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa, ko ka sha kashi sau biyar a jere kana nan. Ci maki 1 ne, canjaras rabi, faɗuwa sifili, kuma kowane zagaye kwamfuta tana haɗa ka da wanda makinku ya zo ɗaya ko kusa, bazaka haɗu da mutum ɗaya sau biyu ba. A zagayen farko ana jera mutane bisa retin, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, a raba gida biyu, misali in ku 100 ne na 1 zai kara da na 51, na 2 da na 52, haka har ƙasa. Kaga kenan kai sabo da baka da retin kana can ƙasan jeri, wanda zaka fara haɗuwa da shi ya fi ka nesa ba kusa ba, kada wannan ya karya maka gwiwa, daga zagaye na uku zaka fara samun sa'anninka. Kuma ƙarami yana kada babba a ofun, a Qatar Masters ta 2023 Alisher Suleymenov ɗan Kazakistan ya lallasa Magnus Carlsen, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, a zagaye na biyu alhali tazarar retin ɗinsu ta haura 300.

Kafin ka tura kuɗi ka nemi takardar ƙa'idojin gasar ka karanta ta tsaf, ba wai ka leƙa kuɗin kyauta kawai ka rufe ba. Abin da kake nema a ciki: zagaye nawa ne, ƙarfe nawa ake fara kowanne, lokaci nawa ake ba kowane ɗan wasa, minti nawa ake yafe wa wanda ya makara, kuma shin FIDE, hukumar ces ta duniya, zata lissafa sakamakon. Maganar makara ɗin nan ba wasa ba ce, dokar FIDE ta ce in ƙa'idar gasa bata faɗi komai ba to sifili ne, wato aka danna agogo baka kan kujera an cinye ka. Wasu gasar suna ba da minti 15 ko 30 ko awa guda, amma sai ka gani a rubuce. In gasar ta FIDE ce zaka buƙaci lambar FIDE, ta hannun hukumar ces ta ƙasarka ake samu, a Najeriya NCF, kuma galibi masu shirya gasar suna taimakawa in ka basu cikakken suna da ranar haihuwa da wuri. Ka tabbata an rubuta sunanka daidai tun farko don da shi zaka yi ta yawo.

Lokaci kuma iri uku ne. Mai tsawo, wanda aka fi sani shi ne minti 90 ga kowa da ƙarin sakan 30 a kowane taku. Rafid, wanda ya haura minti 10 amma bai kai 60 ba. Sai bilis, minti 10 ko ƙasa da haka. Abin da zan faɗa nan gaba na mai tsawon ne, inda rafid ya bambanta zan ce.

Daren da za a fara da safiyar ranar

Kada ka koyi sabon buɗi, wato takun farko-farko da ake fara wasa da su, a daren. Wallahi wannan shi ne abin da yake cin mutane, a zauna a YouTube har ƙarfe biyu ana haddace wani tarko, gobe abokin wasa ya kauce a taku na uku shikenan an rasa tudun dafawa ga kuma barci. Buɗi ɗaya da fari, da baƙi kuma amsa ɗaya ga e4, amsa ɗaya ga d4 (takun da fari ya saba buɗewa da su), waɗanda ka saba da su, sun ishe ka gasar gaba ɗaya. In an fitar da haɗin zagaye, wanda yawanci ake sawa a shafin Chess-Results ko a liƙa a bango, ka duba abu uku: lambar teburinka, launinka, sunan abokin karawarka. Wanda aka fara rubuta sunansa shi ne fari. In kana da hali ka duba tsofaffin wasanninsa kaga me yake buɗewa da shi, minti ashirin ya isa.

A jaka: biro biyu, gorar ruwa, ɗan dabino ko gyaɗa, riga mai ɗan kauri in zauren mai AC ne. Ka ci abinci amma ba irin cin da zai sa ka gyangyaɗi a taku na 20 ba. Shiga ma a kula, wasu gasar suna da dokar tufafi, Carlsen kansa an ci shi tarar dala 200 a New York a Disamban 2024 saboda wandon jins.

Waya

Wannan sai na ware mata wuri. Ba a shiga wurin wasa da waya, ko agogon hannu mai kwamfuta, ko abin kunne, wasu gasar ma ko agogon hannu na gargajiya basa bari. In ƙa'ida ta yarda a ajiye a jaka to a kashe take ɗif, ba sailen ba, ba yanayin jirgi ba, kuma jakar baka taɓa ta sai da izinin alƙali. Ta yi ƙara ko an same ta a jikinka an cinye ka ko da saura taku ɗaya ka gama da mutum. Ruslan Ponomariov yana riƙe da kambun duniya na FIDE wayarsa ta yi ƙara a Plovdiv ta Bulgeriya a 2003 aka ba abokin wasansa, Nigel Short kuma a Liverpool a 2008 tasa kukan ƙarewar batir kawai ta yi, hukuncin bai canza ba. Dalilin tsananin shi ne maguɗi, tunda injin, wato manhajar buga ces, da ke cikin kowace waya yanzu ya fi duk wani ɗan Adam iya ces. An kama Gaioz Nigalidze da waya a banɗaki a Dubai Open ta 2015, an kama Igors Rausis haka a Strasbourg ta Faransa a 2019, dukansu sun rasa lambar girandimasta, babban matsayin gwanayen ces. Ka kula da alam ɗin sallah ma, wasu wayoyin ko a kashe suke alam yana tada su. Mafi sauƙi ka bar ta a masauki ko ka miƙa wa alƙali.

Ka isa tebur

Ka je da kamar minti 15 kafin lokaci. Ka duba allon da kanka: gidan kusurwa na hannun damanka fari ne, farar sarauniya a farin gida d1, baƙa a baƙin gida d8, sarki a gefenta. Ka duba agogo ko an saita lokacin daidai. Alƙali ne yake zaɓar gefen da agogo zai zauna, yawanci a hannun daman mai baƙi. Ka cike saman takardar rubutun wasa, sunayenku, zagaye, tebur, kwanan wata.

Sai gaisuwa. Al'ada ita ce musabaha kafin a fara da bayan an gama. In kai ko ke ba kwa musabaha da wanda ba muharrami ba to a gaya wa alƙali tun kafin zagayen, a kuma gaya wa abokin wasan cikin mutunci, a dafa ƙirji a ɗan sunkuyar da kai, ba wai a bari mutum ya miƙo hannu a bar shi a rataye ba. Abin da ya faru kenan a gasar Wijk aan Zee ta ƙasar Holan a Janairun 2025 tsakanin Nodirbek Yakubboev na Uzbekistan da Vaishali ta Indiya, bidiyon ya zaga duniya, daga baya sai da ya yi bayani ya bata haƙuri. Magana ɗaya kafin a zauna da ta kashe zancen.

Alƙali ya ce a fara, agogon fari ne yake fara tafiya.

Hannu, nan ne wajen da zan daɗe

Ka taɓa ka motsa. In lokacinka ne ka taɓa ɗanka da gangan dole shi zaka motsa matuƙar yana da inda zai je bisa doka, in na abokin wasa ka taɓa dole ka ci shi in ana iya ci. Ka ajiye a gida ka saki, ya zauna kenan, babu "tsaya tsaya ban gani ba". Ba darar ƙofar gida ba ce da za a maida ɗa baya ana dariya 'yan kallo suna sa baki. In wani ɗa ya karkace kana son gyara masa zama sai ka fara cewa "ajos" ko "jadub", wato gyara zan yi, a fili kafin ka taɓa, kuma a lokacinka kawai, ba lokacin da mutum yake tsaka da lissafi ba.

Hannu ɗaya ake wasa da shi. Hannun da ya motsa ɗa shi zai danna agogo, ba wannan ya motsa wancan yana jira kan maɓalli ba. Ko ci zaka yi da hannu ɗaya, ka ɗauke nasa ka ajiye naka ka danna. Kasilin kuma, wato takun da sarki da ruk suke motsawa tare, sarki ake fara ɗauka a matsar da shi gida biyu sannan a tsallako da ruk, da hannun nan dai, in ka fara taɓa ruk to ruk ɗin zaka motsa kasilin ya wuce ka a wannan ɓangaren. Ka tuna ba a kasilin in ana maka cek, wato ana harin sarkinka, ko sarki zai ratsa gidan da ake hari, ko zai sauka a cikinsa.

Takun da ya saɓa doka, kamar ka bar sarkinka a cek ka danna agogo, na farko za a maida wasan baya a ƙara wa abokinka minti 2, a rafid da bilis minti 1, na biyu an cinye ka. Wasa da hannu biyu a nan ake lissafa shi, danna agogo ba tare da ka yi taku ba shi ma haka. Ba dole ba ne ka ce cek, kuma a gasa ma ba a cewa, mutum ya gani da idonsa. In bai gani ba ya yi wani taku daban kada ka cinye sarkinsa, ba a cin sarki, tsayar da agogo zaka yi ka ɗaga hannu alƙali ya zo.

Sojanka ya kai gidan ƙarshe, ka cire shi ka sa sarauniya sannan ka danna. In babu sarauniya a kusa ka tsayar da agogo ka roƙi alƙali. Kada ka kifa ruk ka ce sarauniya ce, a dokar FIDE ruk a kife ruk ne, haka aka yi wa Nikolay Noritsyn a wasan raba gardama na gasar Kanada a 2017 kuma ya rasa kambun.

Maganin duk wannan ɗaya ne kuma tsofaffin 'yan wasa sun daɗe suna faɗa: ka zauna kan hannunka, a zahiri fa, ka cusa su ƙarƙashin cinya ko ka harɗe su. Hannu baya fitowa sai kai ya gama yanke hukunci. Masu shawagi da hannu a saman allo kamar suna zaɓen tumatir su ne kullum ake kira wa alƙali.

Rubutu

A wasa mai tsawo dole ka rubuta takunka da na abokinka, ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan ka yi takun ba kafin ba. Layukan tsaye a zuwa h, na kwance 1 zuwa 8. K sarki, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki, soja bashi da harafi gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Ci x, cek +, kasilin gajere 0-0, dogo 0-0-0. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka koya da Faransanci nasu R sarki ne, D sarauniya, T ruk, F bishof, C doki, kuma doka ta yarda kowa ya yi da haruffan ƙasarsa, sai dai a kula da R ɗin nan in ana duba takardar juna. Mai baƙi ya fi rikicewa saboda allon a juye yake gare shi, a ɗinsa yana hannun dama, don haka ka yi atisaye a gida da allo na gaske wasa biyu ko uku. Banda taku da lokaci da alamar tayin canjaras kada ka rubuta komai a takardar, Wesley So an cinye shi a gasar Amurka ta 2015 saboda yana rubuta wa kansa kalaman ƙarfafa gwiwa. In gasar mai ƙarin sakan 30 ce zaka yi ta rubutu har ƙarshe ko saura maka sakan goma, in babu wannan ƙarin kuma lokacinka ya yi ƙasa da minti 5 an yafe maka.

Ga wani gajeren wasa ka jera shi a allo, zai koya maka rubutun kuma irinsa yana faruwa a teburan ƙasa, inda 'yan ƙasan jeri suke zama:

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nd4 4.Nxe5 Qg5 5.Nxf7 Qxg2 6.Rf1 Qxe4+ 7.Be2 Nf3#

Duba abin da ya faru. A taku na 3 baƙi ya tsallake da doki ya bar sojan e5 ba mai tsaro, fari ya ga banza ya kai hannu. Sarauniya ta fito g5 tana harin doki da sojan g2 lokaci guda. Fari bai tsaya ba, ya ƙara cin f7 yana murna ya haɗa sarauniya da ruk a baki ɗaya, ita kuwa ta faɗa g2, ruk ya gudu f1, ta dawo ta ci e4 da cek, bishof ya tare a e2, doki ya sauka f3. Bishof ɗin ba zai iya cin dokin ba don in ya matsa sarauniya tana kallon sarki, sarkin kuma 'ya'yansa sun toshe shi ta ko'ina. Taku bakwai an tashi, mutum yana da minti 85 a agogo bai taɓa ba. Da a taku na 4 ya ci dokin kawai da Nxd4 ko ya yi kasilin da shi ke gaba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in mutum ya bar maka abu a buɗi ka ɗauka da dalili har sai ka lissafa ka ga babu.

Yadda zaka raba lokaci da tunani

Minti 90 da ƙarin sakan 30, in wasan ya kai taku 40 kana da minti 110 kenan, kusan minti uku kowane taku, amma ba haka ake kashe shi ba. Takun buɗi da ka sani ka yi su cikin nutsuwa ba tare da ɓata lokaci ba, kama tsakiya, fito da dawaki da bishof, kasilin, kada sarauniya ta fita yawo da wuri. Inda ake zuba minti goma ko sha biyar shi ne inda wasan zai juya, lokacin da za a yi musayar manyan 'ya'ya, ko za a buɗe tsakiya, ko ka ga kamar akwai hari a kan sarki. In ka wuce minti ashirin a taku ɗaya ba tunani kake ba kuma, zagaye kake, zaɓi wanda ya fi aminci ka tafi.

Duk takun da abokinka ya yi, kafin ka koma kan shirinka ka tambayi kanka me yake so, me wannan ɗan yake hari yanzu, wane layi ya buɗe da ya tashi daga inda yake. Sannan naka: ina da cek, ina da ci, ina da barazana. Ka zaɓi taku, kafin hannu ya fita ka ɗauka ka riga ka yi shi, ka duba duk cek da cin da shi zai samu. Sakan goma ne wannan duban na ƙarshe kuma a matakinmu shi yake raba mai maki 5 da mai maki 2. Lissafin daraja kuma ka riƙe shi a kai lokacin musaya, soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. In kana gaba da ɗa guda ka yi ta musayar manya, wasan yana sauƙi. In kana baya ka guje wa musaya ka rikita allon.

In mutum yana buga nasa da sauri fat fat, musamman yaran nan da suke tashi suna zagaya zaure, kada ka bi shi, agogonsa daban naka daban.

Tashi daga tebur da sallah

In lokacin abokinka ne kana iya miƙewa, ka sha ruwa, ka je banɗaki, ka kalli wasu teburan, amma baka magana da kowa kan wasan, gara ma kada ka yi magana da kowa sam don kada a zarge ka. In lokacinka ne baka barin wurin wasa sai da izini. Wasa mai tsawo yana cin awa huɗu, in an fara ƙarfe biyu ko uku La'asar zata same ka a kai, kuma ba a tsayar maka da agogo. Ka yi wa alƙali magana tun da safe ya nuna maka inda zaka yi, ka shiga da alwala, ka yi takunka a wurin da ka san mutumin zai daɗe yana tunani, ka sanar da alƙali ka je ka dawo. Minti biyar ko bakwai ne, ka sa su cikin lissafin lokacinka tun farko.

Canjaras

Tayi yana da tsari: ka yi takunka, ka ce "duro?", wato canjaras, a hankali, sannan ka danna agogo, ku duka ku sa alamar = a takarda. Ba a janye tayi. Shi kuma ko ya karɓa ko ya ce a'a ko ya yi takunsa kawai, wannan ma a'a ne. Kada ka yi ta maimaitawa, damun abokin wasa laifi ne. Wasu gasar sun hana tayi kafin taku 30. Ra'ayina dai sabon shiga ya daina neman canjaras, ka biya kuɗin mota da masauki don ka buga ne, kuma in wanda ya fi ka retin sosai ya yi maka tayi ka ƙara kallon allon da kyau, akwai abin da ya gani da bai masa daɗi ba.

Maimaici sau uku kuwa sai ka nema, ba ya zuwa da kansa. Zaman allon ne zai maimaitu ba taku ba, ba dole a jere ba, kuma mai taku ya zama mutum ɗaya a duka ukun. In takun da zaka yi ne zai kawo na ukun to kada ka taɓa komai, rubuta shi a takarda, tsayar da agogo, kira alƙali. A irin wannan neman ne kawai ake rubutu kafin taku. Ka motsa ka danna, damar ta koma hannun abokinka. Haka dokar taku 50 ba ci ba motsin soja. In ka nema aka duba ba haka ba ne za a ƙara masa minti 2, a rafid da bilis minti 1. Sai an kai maimaici biyar ko taku 75 alƙali yake raba ku da kansa.

Ƙarshen wasa

Kafin gasa ka tabbata ka iya kashe sarki da sarauniya, da kuma ruk ɗaya, ido a rufe, don za ka yi su ne da minti ɗaya a agogo hannu yana rawa. In kana gaba sosai kullum ka duba ko sarkinsa yana da gidan zuwa, in bashi da taku ko ɗaya kuma ba cek ba to canjaras ne, duk wahalar awa huɗu ta koma rabin maki. In lokacinsa ya ƙare ka tsayar da agogo ka nuna, ka ci, sai dai in abin da ya rage maka ba zai iya kashe sarki ta kowace hanya ba, kamar sarki shi kaɗai, nan canjaras ne.

In kai ne a ƙasa kada ka yi saurin sallamawa, a teburan ƙasa ana zubar da wasan da aka riga aka ci kullum. Amma in ta tabbata, tsayar da agogo ka faɗa da baki cewa ka sallama sannan ka miƙa hannu, don miƙa hannu shiru ya sha jawo rigima, wannan ya ɗauka canjaras ne wancan ya ɗauka ci ne. Ku rubuta sakamako, 1-0 fari ya ci, 0-1 baƙi ya ci, ½-½ canjaras, ka karanta abin da ke takardarsa kafin ka sa hannu, don in kun sa hannu kan kuskure yana iya zama a haka. Ku jera 'ya'yan, a miƙa takardu ga alƙali, a fita. Ba a nazarin wasa a zauren, wasu suna kai. A waje ka roƙi abokin karawarka ku duba tare ko minti goma ne, yawancinsu suna yarda, kuma abin da zai gaya maka ya gani a taku na 18 ya fi maka amfani a ranar fiye da lambobin inji. Injin ka bar shi sai dare.

Retin da zagaye na gaba

Zaka fara samun retin in ka buga aƙalla wasa 5 da masu retin kuma ba sifili ka tashi da shi ba, mafi ƙanƙanta yanzu 1400 ne tun gyaran Maris 2024, kuma farkon kowane wata FIDE take fitar da sabon jeri. Wasanninka 30 na farko retin yana hawa da sauka da sauri, in ka kada wanda ya fi ka da 200 zaka samu kusan 30, bayan nan irin wannan cin kusan 15 ne. Ka duba jerin kyaututtuka ma, yawancin ofun suna ware na mata da na yara da na masu ƙaramin retin, in maki ya zo ɗaya kuma galibi da Bukhols ake rabawa, wato jimillar makin waɗanda ka kara da su.

In yawanku mara ne wani zai zauna ba abokin wasa a zagayen, yawanci na ƙasan jeri, a bashi makinsa. In kuma kai ne wani uzuri zai hana ka zagaye ɗaya ka gaya wa alƙali kafin a yi haɗi, wasu gasar suna ba da rabin maki a irin wannan in ba zagayen ƙarshe ba ne. Haka in zaka janye gaba ɗaya, ka faɗa da bakinka ko ka tura saƙo, kada ka ɗauki jaka ka kama hanyar tasha a bar wani bawan Allah zaune gaban kujera babu kowa yana kallon agogo, wasu masu shirya gasar basa sake karɓar rajistar wanda ya yi haka.